Wasan Yara a Darasin Kiɗa da Motsa Jiki: Me Ake Koyarwa, Me Kuma Ake Gardama a Kai?

A watan Maris na 2024, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware ranar 11 ga Yuni ta kowace shekara ta zama Ranar Wasa ta Duniya. Wata guda kafin nan, a taron da hukumar UNESCO ta kira a Abu Dhabi, ƙasashe sun amince da wani tsari na bai-ɗaya kan shigar da al'adu da fasahohi cikin karatun yara. Babu ɗaya daga cikin matakan nan biyu da ya tilasta wa wata ƙasa sauya manhajarta, amma sun ƙara wa wata magana ƙarfi, maganar da iyaye suka daɗe suna ji daga bakin malamai ba tare da an warware musu ita ba, wato "koyo ta hanyar wasa". Yaro zai dawo daga makaranta, a tambaye shi abin da aka koya musu a darasin kiɗa, ya ce tafi suka yi, suka zagaya, aka ce su tsaya cak, suka tsaya. Uwa ko uban da ya ji haka yana da hujjar tambaya: shin darasi aka yi, ko kuwa an cinye lokaci ne kawai kafin a kaɗa ƙararrawa?

Duka biyun suna faruwa, kuma wanda ya leƙa ta taga ba zai iya bambance su nan take ba. Bambancin yana cikin abin da malami ya sani game da wasan, da abin da ya yi da shi bayan yara sun iya shi.

Abubuwan da ake magana a kansu

Wasan da ake nufi a nan shi ne irin wanda yara ke koya daga junansu, mai ƙa'ida, mai waƙa ko ƙirge, wanda jiki ke da aiki a cikinsa. Akwai tafa hannu tsakanin mutum biyu, akwai yin da'ira ana zagayawa, akwai miƙa dutse daga hannu zuwa hannu, da tsallake igiya, da bin sahun jagora, da ƙirgen da ake fitar da wanda zai fara. Kusan duk inda aka bincika wasannin yara a duniya an tarar da ire-iren waɗannan, ko da waƙoƙin da ƙa'idojin sun sha bamban.

A ɓangaren kiɗa, abu biyu ne suka fi rikita mutane. Na farko shi ne bugu, wato wannan ƙwanƙwasa mai tafiya daidai wa daida a ƙarƙashin waƙa, wadda mai sauraro ke bi da kaɗa kai ko taka ƙafa ko da babu mai buga ta a fili. Na biyu shi ne kari, wato yadda gaɓoɓin waƙar ke tsawo da gajarta a kan wannan bugu, ta yadda bugu ɗaya zai ɗauki gaɓa ɗaya, wani ya ɗauki biyu, wani kuma ya wuce shiru. Yaron da aka ce ya tafa waƙa yakan tafa kowace gaɓa, wanda aka ce ya taka ta kuwa yakan taka bugun, kuma gane cewa waɗannan abubuwa biyu ne daban da ke tafiya tare shi ne babban darasin shekarun farko. Bayan su akwai hawa da saukar murya, da saurin waƙa ko jinkirinta, da ƙarfin sauti ko taushinsa, sannan da sigar waƙa, kamar inda ɗaya ke bayarwa sauran na amshi.

Motsi kuma kashi biyu ake yi masa: wanda ke ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri, kamar tafiya da gudu da tsalle da ƙafa ɗaya, da wanda ake yi a tsaye wuri guda, kamar lanƙwasawa da miƙewa da juyi da rausaya.

Sai kuma matsayin babba a cikin wasan. Akwai wasan da yara ke yi su kaɗai babu mai sa musu baki. Akwai darasi kai tsaye, inda malami ke faɗa ɗalibai na maimaitawa. A tsakaninsu akwai wasa mai jagora, inda babba ya san inda yake so a kai, ya zaɓi wasan da zai kai can, amma ya bar wa yara damar gudanar da shi. Mafi yawan abin da manhajoji ke kira koyo ta hanyar wasa wannan na tsakiyar ne, kuma yawancin ruɗanin da ake samu ya taso ne daga ɗaukarsa a matsayin na farkon.

Abin da ke cikin wasa guda ɗaya

A ɗauki wasan miƙa dutse, wanda ake yin irinsa a Ghana da Brazil da wasu ƙasashe da dama. Yara suna zaune a da'ira, kowa da dutse a gabansa. Ana fara waƙa, a bugu na farko kowa ya ɗauki nasa, a na biyu ya ajiye gaban na damansa, a na uku ya ɗauki wanda aka ajiye masa, haka har waƙar ta ƙare. Wanda ya yi jinkiri, duwatsu za su taru a gabansa, na damansa kuma ya miƙa hannu ya tarar ba komai. Babu buƙatar malami ya ce wane ya kuskure, domin tarin duwatsun ya riga ya faɗa, kuma yaran da kansu ne za su ce a sake. A cikin minti biyar kowane yaro ya yi ƙoƙarin daidaita hannunsa da bugu sau ɗaruruwa, yana rera waƙa a lokaci guda, yana kuma lura da hannun maƙwabcinsa ta wutsiyar ido. Da malami zai tsayar da su a layi ya ce su tafa sau ɗari biyu, da ba a kai ashirin ba sun gundura.

Har zuwa nan wasa ne kawai, irin wanda za su iya yi a waje. Aikin malami yana farawa ne bayan wasan ya zauna a jikinsu, abin da kan ɗauki makonni. Sai wata rana ya raba ajin biyu, kashi ɗaya su ci gaba da miƙa dutse, ɗaya kashin su tafa kalmomin waƙar, sannan ya tambaye su wane ɓangare ne sautinsa ba ya canzawa. Idan sun gano, sai ya ba abin suna. Daga nan ya zana da'ira huɗu a allo a madadin bugu huɗu, yara su faɗa masa gaɓa nawa ta faɗa cikin kowace, ya sa sanda ɗaya ko biyu a ciki. Yaro ya fara karanta rubutun kiɗa ke nan, kuma abin da yake karantawa abu ne da hannunsa ya riga ya sani. Mataki na ƙarshe shi ne a kawo sabuwar waƙa a ga ko zai gane wannan karin a cikinta.

Wasan tafa hannu na mutum biyu ya fi haka sarƙaƙiya. A wurare da yawa tsarin tafin motsi uku ne da ke ta maimaituwa, alhali waƙar tana tafiya huɗu-huɗu, don haka farkon tafin da farkon layin waƙar ba sa sake haɗuwa sai bayan bugu 12. 'Yan mata masu shekara bakwai ko takwas suna yin wannan suna dariya, suna ƙara sauri. Idan aka rubuta shi a takarda, ɗalibin kiɗa na babbar makaranta sai ya zauna ya yi nazari kafin ya buga shi.

Inda tunanin ya samo asali

Shigar da wasan waƙa cikin makaranta ya girmi duk wata manhajar zamani. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya kafa makarantar renon yara a Bad Blankenburg a 1840, ya sanya wasan da'ira da waƙa cikin aikin kowace rana. Amma mutum uku ne aka fi danganta tsarin yau da su.

Émile Jaques-Dalcroze ya zama malami a makarantar kiɗa ta Geneva da ke Suwizalan a 1892, ya kuma tarar da ɗalibai masu iya rubuta kiɗa daidai a takarda amma ba sa jin abin da suka rubuta a kunnensu, kuma ba sa iya riƙe bugu. Ya lura cewa waɗannan ɗaliban dai suna tafiya a titi da taku mai kyau ba tare da tunani ba. Sai ya sa aka ture kujeru gefe, yana buga piyano suna takawa, in ya ba da alama su canza hanya ko su tsaya ko su ninka sauri. Wasan nan na "a tsaya cak in kiɗa ya tsaya" da ake yi a azuzuwan yara a yau yana kama da wannan atisaye. An buɗe masa makaranta a Hellerau kusa da Dresden a 1910, ya kuma kafa cibiyarsa a Geneva a 1915.

Carl Orff ya kafa wata makarantar motsa jiki da rawa da kiɗa a Munich a 1924 tare da Dorothee Günther. A lokacin 'yan mata manya ake koyarwa. Sai a 1948, da gidan rediyon Bavaria ya nemi shirin yara, shi da Gunild Keetman suka juya aikin zuwa ga ƙanana. Sukan fara da abin da ke bakin yaro, wato sunansa da ƙirgen wasa da kiraye-kiraye, a mayar da su tafi da ɗas da yatsu da dukan cinya da taka ƙasa, daga baya a ɗora su kan kayan kiɗa na jerin sanduna waɗanda ake iya cire wasu daga ciki, don duk abin da yaro ya buga ya fito da daɗi. An buɗe cibiyar horar da malamai a kan wannan hanya a Salzburg ta ƙasar Ostiriya a 1961.

Zoltán Kodály na Hangari ya fara yawon tattara waƙoƙin ƙauye tun 1905. Matsayinsa shi ne murya ce kayan kiɗan da kowa ke da shi kyauta, kuma yaro ya kamata ya fara da waƙoƙi da wasannin harshen da ya tashi da shi. An buɗe makarantar firamare ta farko mai darasin waƙa kullum a Kecskemét a 1950. Alamun hannu da mabiyansa ke nuna hawa da saukar murya da su aro ne daga John Curwen na Ingila, wanda ya yi aiki a ƙarni na 19. Tsarin nan na a fara da wasa, a ba abin suna daga baya, sannan a gwada shi a sabuwar waƙa, a wurin mabiya Kodály ya fi shahara. A 2016 UNESCO ta sanya hanyar Kodály cikin jerin kyawawan hanyoyin adana al'adun gado.

Abin lura shi ne yawancin wasannin ba mutanen nan uku ne suka ƙirƙiro su ba. A hannun yara suka same su. Abin da suka ƙara shi ne tsari: wane wasa ne zai zo kafin wane, kuma me za a fitar daga kowanne.

Me ya sa ake farawa da jiki

A 2005, Jessica Phillips-Silver da Laurel Trainor na Jami'ar McMaster a Kanada sun kunna wa jarirai 'yan wata bakwai wani kiɗa wanda ba a ƙarfafa kowane bugu a cikinsa ba. Wasu jariran aka riƙa yi musu tsalle-tsalle a hannu a kowane bugu na biyu, wasu a kowane na uku. Da aka kunna musu kiɗan daga baya an ƙarfafa bugun biyu-biyu ko uku-uku, kowane rukuni ya fi daɗewa yana sauraron wanda ya dace da yadda aka motsa shi. Jariran da suka kalli wani yana motsin ba tare da an motsa su ba, ba su nuna wannan fifiko ba. Ma'ana, yadda jiki ya motsa yana shiga cikin yadda kunne ke jin kiɗa, kuma kallo ba ya maye gurbinsa.

Sai dai motsi da kiɗa daban, daidaita motsi da bugu daban. Binciken Marcel Zentner da Tuomas Eerola na 2010 a kan jarirai 120, daga wata 5 zuwa shekara 2, ya nuna sun fi motsawa in sun ji kiɗa ko ganga a kan in sun ji magana, amma motsin nasu ba ya faɗawa daidai kan bugun. Wannan ƙwarewa tana zuwa a hankali cikin shekarun renon yara da farkon firamare. A Leipzig, Sebastian Kirschner da Michael Tomasello sun gano a 2009 cewa yara 'yan shekara biyu da rabi sun fi iya daidaita bugun ganga in mutum ne ke bugawa tare da su, a kan in na'ura ce. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga wasan haɗin gwiwa, ta kuma rage wa faifan bidiyo daraja a matsayin malami. A shekara mai biye mutanen biyu sun ba da rahoton cewa 'yan shekara huɗu da suka yi waƙa da rawa tare sun fi taimakon juna bayan an gama.

Akwai wani abu da ke kama malamai da yawa. Saurin da ƙaramin yaro ke tafi ko taku da shi in an bar shi da kansa ya fi na babba. Malamin da ya ga yara suna kuskure yakan rage saurin waƙa don ya sauƙaƙa musu, alhali rage saurin ƙara musu wuya yake yi, domin jiran bugu mai nisa ya fi bin mai kusa wahala. Haka kuma muryar yaro tana sama, kuma sautukan da take iya kaiwa cikin sauƙi ba su da yawa, don haka babban da ya fara waƙa a muryarsa ta ƙasa zai ga yara suna gunaguni maimakon rerawa, ya ɗauka ba su iya ba.

Inda masana suka rabu

Saɓani na farko a kan mallakar wasan ne. Masu nazarin wasannin filin makaranta, irin su Iona da Peter Opie a Birtaniya da Kathryn Marsh a Ostareliya, sun nuna cewa yara suna da duniyarsu ta waƙa wadda suke gadar wa juna, suna sauya kalmomi, suna cusa abin da suka ji a talabijin, suna yi wa manya shaguɓe. Masu wannan ra'ayi suna ganin cewa da zarar malami ya shigo da wasan aji, ya tace kalmomin, ya rage sauri, ya sa maki, to ya cire abin da ya sa yara ke son sa. Marsh ta kuma ƙalubalanci zaton da manhajoji da yawa suka ginu a kai, cewa waƙar yara mai sauƙi ce kuma dole a fara da sauti biyu kafin uku. Tun kafin ita, John Blacking, wanda ya zauna da al'ummar Venda ta Afirka ta Kudu daga 1956 zuwa 1958, ya lura cewa yaran can ba sa koyon waƙoƙi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wadda aka fi rerawa a kusa da su suke fara kamawa, ko da ta fi sauran sarƙaƙiya.

Masu bin tsari suna da amsa. Suna cewa iya yin abu daban, sanin abin da ake yi daban, kuma yarinyar da ta ƙware a tafi mai motsi uku ba za ta iya ɗaukar wannan ƙwarewa zuwa sabuwar waƙa ko kayan kiɗa ba sai wani ya nuna mata abin da hannunta ke yi. Suna kuma cewa filin wasa ba ya adalci: wanda ya iya shi ake zaɓa, wanda bai iya ba ya tsaya gefe yana kallo, kuma a wurare da yawa wasan tafi ya zama na 'yan mata, samari ba sa kusantarsa. Aji ne kaɗai wurin da kowa ke samun rabo. Idan aka auna hujjojin biyu, ba su ci karo da juna kamar yadda ake zato ba. Sukar Marsh da Blacking ta fi shafar jerin matakan da aka ɗauko daga waƙoƙin Turai aka shimfiɗa wa kowa, amsar masu tsari kuma ta shafi buƙatar jagora. Malami zai iya jagoranci da wasan da yaran ajinsa suka kawo da kansu.

Saɓani na biyu daga ɗaya gefen yake fitowa, daga malaman kayan kiɗa da ke ganin wasa yana jinkirta aikin gaske. Riƙe kayan kiɗa daidai da karanta rubutu da sauri suna buƙatar maimaici mai gajiyarwa wanda ba kullum ake iya mayar da shi wasa ba, kuma yaron da ya saba cewa kowane darasi sai an yi dariya zai sha wuya ranar da aka ce ya zauna ya maimaita layi ɗaya sau talatin. Wannan magana tana da ƙarfi ga manyan ɗalibai, ƙarfinta kuma yana raguwa gwargwadon ƙanƙantar yaro.

Na uku shi ne alƙawarin ƙarin basira, kuma a nan ne aka fi yi wa iyaye romon baka. A 1993 wani bincike a Jami'ar California da ke Irvine ya nuna cewa ɗaliban jami'a da suka saurari kiɗan Mozart na minti goma sun ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin siffofi, kuma tasirin ya gushe cikin kusan kwata na awa. Ba a yi binciken da jarirai ba, amma a 1998 gwamnan jihar Georgia ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a riƙa ba kowane sabon jariri faifan kiɗa. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet sun haɗa sakamakon bincike fiye da 50 suka ce in aka tsaya kan waɗanda aka tsara da kyau, koyon kiɗa ba ya ƙara wa yaro ƙoƙari a lissafi ko karatu. Wasu masana sun sake nazarin bayanan suka ce akwai ɗan amfani, ƙarami. Akwai kuma aikin Usha Goswami ta Jami'ar Cambridge, wanda ke nuna alaƙa tsakanin jin kari da iya rarrabe sautukan magana, abin da ke da muhimmanci ga koyon karatu, amma samun alaƙa bai kai a ce wasan tafi maganin matsalar karatu ba ne. Abin da hujja ta fi tsayawa a kai shi ne mafi kusa: wasan kiɗa yana koyar da kiɗa, yana horar da jiki, yana kuma saba wa yaro da jira da sauraro da tsayawa in an ce a tsaya.

Akwai saɓani na huɗu wanda ba na masana ba ne, na iyalai ne. A addinai da al'ummu daban-daban akwai iyayen da ba su yarda da wasu kayan kiɗa ba, ko rawa, ko haɗa maza da mata a wasan riƙe hannu. Makarantar da ta yi kunnen uwar shegu da wannan takan wayi gari an janye yara daga darasin. Yawancin abin da aka bayyana a sama ana yin sa da murya da tafi da taku kawai, kuma ana iya raba rukuni ko a sauya riƙe hannu da riƙe ƙyalle, don haka tattaunawa da iyaye tun farkon zango takan warware fiye da yadda ake tsammani, ko da ba ta gamsar da kowa ba.

Abin da wannan ke nufi ga malami da iyaye da yaro

Nauyin ya fi faɗawa kan malamin aji, wanda a makarantun firamare da yawa shi ke koyar da komai kuma bai sami horon kiɗa mai zurfi ba. Hanyar ba ta buƙatar sayen kaya, amma tana buƙatar malamin da zai iya rera waƙa a gaban yara ba kunya, ya riƙe bugu, ya kuma san me yake nema a kowane wasa. Wanda aka ba shi jerin wasanni ba tare da wannan sani ba zai yi su, yara za su ji daɗi, shekara ta ƙare ba a fitar da komai ba. Manhajar da ta rubuta koyo ta hanyar wasa ba tare da horar da malamai ba, a nan take tsayawa.

Sai matsalar wuri da yawan yara. Da'irar mutum 20 tana aiki, ta mutum 60 kuwa jiran layi ya fi wasan yawa, hayaniya kuma ta dami ajin da ke maƙwabtaka. Mafita ita ce a raba su ƙananan da'irori, ko a zaɓi wasannin mutum biyu-biyu da ake yi a zaune, ko a fita waje.

Wasannin da ake fitar da wanda ya kuskure suna da aibin da ba a cika lura da shi ba. Yaron da ya fi buƙatar atisaye shi ne ake fara fitarwa, ya zauna yana kallon waɗanda suka riga suka iya suna ƙara ƙwarewa. Gogaggun malamai sukan gyara ƙa'idar, wanda ya fita ya koma riƙe wa sauran bugu da tafi, ko ya shiga wata da'ira ta biyu da ke ci gaba a gefe. Irin wannan gyara ne ke buɗe ƙofa ga yara masu buƙata ta musamman: kurma yana bin bugu da ido da girgizar da yake ji a jiki, mai keken guragu yana yi da hannu abin da wasu ke yi da ƙafa, wanda hayaniya ke firgita shi kuma ana fara masa da rukuni ƙarami.

Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun matsakaicin minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kullum, 'yan shekara 3 zuwa 4 kuma minti 180 na motsi iri-iri. Darasin kiɗa na rabin awa sau ɗaya ko biyu a mako ba zai cike wannan ba, kuma makarantar da ta soke lokacin tara ko darasin motsa jiki da hujjar cewa ana wasa a darasin kiɗa ta rage wa yara ne. Sashe na 31 na Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta 1989 ya ambaci hutu da wasa a matsayin haƙƙin yaro, ba tare da sharaɗin sai wasan ya koyar da wani abu ba.

Ga iyaye, tambayar "me kuka koya yau?" ba za ta ba da amsa mai amfani ba. Gara a ce yaro ya koya wa na gida wasan, a ga ko yana riƙe bugu daga farko zuwa ƙarshe, ko yana iya tafa kalmomi yayin da wani ke taka bugun, ko yana iya sa sababbin kalmomi a kan waƙar ba tare da ta karye ba. Malami kuma a tambaye shi me yake so yara su iya a ƙarshen zango wanda ba su iya ba a farkonsa. Mai jagorantar wasa da manufa zai amsa da abu takamaimai.

Tantancewa ce ta rage a matsayin matsalar da ba a gama warwarewa ba. Darasin da ba shi da maki shi ake fara cirewa daga jadawali in jarrabawa ta matso, don haka wasu makarantu kan mayar da shi tambayoyin takarda, inda yaron da ba ya iya riƙe bugu zai rubuta ma'anar bugu ya ci, gwanar tafi kuma ta faɗi. Hanyar da ta dace da abin da aka koyar ita ce malami ya riƙa lura da yara kaɗan a kowane darasi yayin da wasa ke gudana, yana sa alama a takarda. In yana duba yara biyar a darasi, ajin mutum 60 zai ci darasi 12 kafin ya zagaya sau ɗaya, wato zango guda cur a makarantar da ke yin darasin sau ɗaya a mako.